Hitar dizal ko ta gas: wacce ta dace da motar kwana lokacin dusar ƙanƙara a Turai

Mota irin Fiat Ducato, Ford Transit ko Mercedes Sprinter da aka mayar da bayanta ɗakin kwana, jikinta ƙarfe ne da gilashi. Da an kashe inji hitar gaban mota ta mutu, kuma idan waje ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, sanyin cikin ba ya daɗewa yake kamo na waje. Abin tare sanyi da ake cusawa a bango da rufi yana rage saurin fitar zafi ne, shi kansa ba ya ɗumama komai. Saboda haka duk mai shirin kwana a tsaunukan Alps, ko a arewacin Sukotilan, ko a Nowe tsakanin Disamba da Maris, dole ya zaɓi abin da zai riƙa ba shi zafi har gari ya waye. Hanyoyin da suka isa a yi magana a kansu uku ne: hita mai ƙona dizal, hita mai ƙona iskar gas ta tukunya, da wutar lantarkin filin kwana, wato wurin da aka tanada don masu irin wannan mota su tsaya su kwana.

Tun daga farko ga inda muka tsaya. Wanda zai riƙa tsallaka iyakoki yana kwana inda babu soket, dizal ya fi masa. Wanda motarsa ta zo daga kamfani da tankin ruwa da banɗaki da bututai, kuma yawonsa bai wuce ƙasa ɗaya ba, ya riƙe gas ɗinsa. Lantarki kuwa ɗan taimako ne kawai. Amma kowane ɗaya yana da inda yake ba da kunya, kuma sanin wannan ya fi sanin farashi amfani.

A fara da lissafin zafin da ake bukata, don a kansa komai ya rataya. Mota mai tsawon mita 6 da aka tare mata sanyi sosai, aka kuma rufe gilasan gaba, tana bukatar kamar kilowat 1 zuwa 1.5 ba tsayawa idan waje yana tsakanin digiri 5 da 10 ƙasa da sifili. A ɗauki 1.5 don a kasance a gefen lafiya. A awa 24 ya zama kilowat-awa 36. Litar dizal ɗaya tana ɗauke da kusan kilowat-awa 10, kilon gas na furofen kuma kusan 13. Da an cire abin da ke bin hayaƙi ya fita, yinin sanyi ɗaya da darensa zai ci dizal lita 4 zuwa 5, ko gas wajen kilo 3. Tankin man Ducato yana cin lita 75 zuwa 90. Tukunyar gas da aka fi amfani da ita a Jamus kilo 11 ce. Ke nan tukunya ɗaya ba ta cika kwana huɗu ba ta ƙare, alhali rabin tankin mota zai kai ka mako guda. Wannan tazarar ita ce babbar hujjar masu dizal.

Yadda hitar dizal take aiki ba wuya. Wani ƙaramin famfo yana tsotso mai daga tankin motar yana ɗiga shi cikin ɗakin ƙonawa, fulogin zafi ya kunna shi, fanka ta riƙa tura iskar ɗaki ta kan jikin ƙarfen da ya yi zafi. Iskar da wutar take sha daga ƙarƙashin mota take shigowa, hayaƙin ma can yake fita, ba ya haɗuwa da wadda kake shaƙa. Hitar dizal samfurin Webasto Air Top 2000 tana ba da kilowat 0.9 zuwa 2, tana shan lita 0.12 zuwa 0.24 a awa. Eberspächer Airtronic D2 kusan haka take, har zuwa kilowat 2.2. Idan ta kama aiki, abin da take ja daga batir amp 1 zuwa 2.5 ne, amma wajen tashi fulogin yana jan amp 8 zuwa 10 na 'yan mintoci, haka kuma yana sake kunnuwa wajen kashewa don ya ƙone ragowar mai. Daren awa 10 zai ci maka kamar amp-awa (Ah) 15 zuwa 25 daga batir.

Matsala ta farko da ta fi kashe waɗannan hitoci ita ce a sayi wadda ta fi ƙarfin motar. Mutum yana ganin mai kilowat 5 da mai kilowat 2 kusan kuɗi ɗaya, sai ya ce bari ya ɗauki babbar. A ƙaramar mota babbar ba ta samun damar buɗe wuta, kullum tana kan mataki na ƙasa, ko tana mutuwa tana tashi. Wuta mai rauni ba ta ƙone mai ƙurmus, sai kunkunniya ta taru a ɗakin ƙonawa da ragar da ke kewaye da fulogi. Alamarta farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai a salansa, da tashi sai an gwada sau biyu ko uku, daga baya ta ƙi gaba ɗaya. Kuma kowane tashi yana zuƙar batir. Mai kilowat 2 da take aiki a tsakiyar ƙarfinta ta fi daɗewa nesa ba kusa ba. Sai motar ta kai mita 7, ko tafiyar ta can arewacin Suwidin ce inda ake ganin 25 ƙasa da sifili, sannan a yi maganar mai kilowat 4. Ko wacce ce, a ba ta cikakkiyar wuta na minti 20 zuwa 30 kafin a kashe ta da safe, a kuma kunna ta sau ɗaya a wata ko da rani ne, don kada man da ke cikin bututu ya tsufa.

Ta biyu ita ce tudu. Sama da mita 1,500 iska tana raguwa, amma famfon yana ci gaba da zuba mai daidai da yadda yake zubawa a bakin teku. Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, kunkunniyar da za ta taru a shekara sai ta taru a 'yan kwanaki. Kuma wuraren da masu wasan zamiya a dusar ƙanƙara suke so duk suna can sama: Livigno ta Italiya tana mita 1,816, Tignes ta Faransa wajen 2,100, Val Thorens 2,300. Sababbin samfuran Eberspächer suna zuwa da na'urar auna nauyin iska a ciki, suna rage mai da kansu. Tsofaffi sai an ƙara musu ita daban. Na Caina masu araha galibi da hannu ake rage bugun famfo a allon saiti. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai sayarwa iyakar tudun da hitar take ɗauka, ya nuna maka a takarda.

Ta uku haɗi ne, kuma a nan gizo yake saƙar. Yawancin hitocin da ake cewa sun lalace lafiyarsu ƙalau, aikin haɗin ne bai yi ba. Idan wayar da ta taso daga batir siririya ce ko ta yi tsawo, lokacin da fulogi ya ja amp 10 ƙarfin wutar yana faɗuwa ƙasa da bolt 10.5, sai hitar ta ɗauka batir ya mutu ta kashe kanta, alhali batirin a cike yake. Maganin waya mai kaurin milimita 4 murabba'i, ko 6 idan nisan ya yi yawa, kai tsaye daga batirin ɗaki da fis a kusa da shi. Bututun mai ya zama mai tauri ɗin nan mai ramin milimita 2. Tiyo mai laushi da ake sakowa a kwalin masu araha yana riƙe kumfar iska, wuta ta riƙa yankewa. Famfon Eberspächer da na masu kwaikwayonta ana ɗaga bakinsa sama, ya karkata da digiri 15 zuwa 35, don kumfa ta wuce, amma kowane kamfani da nasa umarnin, a bi na takardar. Bututun da ke shiga tankin mota kada ya taɓa gindin tanki, a bar shi sama kaɗan, don hita ta ƙare da mai tun kafin motar ta rasa na tafiya. Illar haka ita ce idan allurar mai ta sauka ƙasa da kwata hitar na iya shan iska ta mutu da tsakar dare, don haka a cika tanki kafin a hau dutse. Salansa ta gangara ƙasa, kada ta wuce mita 2, bakinta ya leƙo waje da gefen mota nesa da taga da ƙofa, a kuma huda ɗan rami a inda ta fi yin ƙasa don ruwan da ke taruwa ya ɗiga. In ba haka ba ruwan ya daskare ya toshe ta.

Abu ɗaya da ba a yi wa hitar dizal ko da wasa: a yanke mata wuta daga babban makunni tana cikin aiki. Tana bukatar minti 3 zuwa 5 fanka na juyawa don ƙarfen ya huce. Idan fankar ta tsaya farat ɗaya, zafin da ya taru yana komawa ya narkar da roba da allon lantarkin da ke jikinta.

Sai man kansa. Dizal na rani yana fara kauri ya toshe matata tun kusa da sifili. A Jamus, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, doka ta sa gidajen mai su sayar da wanda ke jure digiri 20 ƙasa da sifili, a ƙasashen Sikandinabiya kuma ana samun wanda ya fi haka. Wanda ya cika tanki a kudancin Sifen ya nufi Ostiriya, ya ƙone wancan man a hanya ya sha na can kafin ya kwana a tudu. Siririn bututun hita da ke bin ƙarƙashin mota shi yake fara daskarewa kafin na inji.

Game da kuɗi, ta Caina takan zo ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na farashin Webasto ko Eberspächer, kuma da yawa suna aiki shekaru. Abin da ya kamata a zubar daga kwalinta tun ranar farko shi ne tiyon mai, maɗauran bututu, da salansar da ba a like gefenta da walda ba. Wadda aka rubuta wa kilowat 8 galibi jiki ɗaya ne da mai 5. Idan motar za ta je gwajin hukuma ko inshora zai duba ta, a tabbatar hitar tana da hatimin amincewa na Turai.

A ɓangaren gas, abu na farko shi ne wane gas, butan ko furofen. Butan yana daina zama iska a kusa da sifili, a aikace ma tun daga digiri 4 ko 5 wutarsa take raunana, domin tukunyar tana ƙara yin sanyi yayin da ake jan gas daga cikinta. Sai ka girgiza ka ji ta cike amma murhu ya ƙi kamawa. Shuɗiyar tukunyar Campingaz 907 da ake samu ko'ina a Turai butan ce, kilo 2.75, ba ta aikin hunturu. Furofen shi yake ci gaba da tashi har digiri 42 ƙasa da sifili. A Birtaniya shi ne jar tukunyar Calor.

Hitar gas da ta fi yawa a motocin da kamfani ya ƙera ita ce Truma Combi. Combi 4 tana da mataki biyu, kilowat 2 da 4, tana shan giram 160 a awa a ƙaramin mataki, sama da 300 a babba, kuma tana da tukunyar ruwan zafi mai lita 10 a jikinta. Masu gyara mota da kansu sun fi sa Propex HS2000, mai kusan kilowat 2, wadda iska kawai take ɗumamawa. Falalar gas a bayyane take ga duk wanda ya kwana da su biyun. Babu ƙwas-ƙwas ɗin famfo da ke hana mai saurin farkawa barci, babu rurin salansa da zai dami maƙwabci a filin kwana, babu wari. Gas yana ƙonewa tas, ba ya tara kunkunniya, tudu bai cika damunsa ba, kuma yana mutuwa ya tashi sau nawa a dare ba tare da wata illa ba. Ba ya bukatar jan wuta mai yawa wajen tashi, ko da yake fankarsa ma tana cin amp 1 zuwa 2 a matsakaici, saboda haka kada a ɗauka mai gas ya tsira daga lissafin batir.

Wahalarsa nemo shi. Tukunya biyu masu kilo 11 mako guda ne a tsananin sanyi, kuma kowace da gas ɗinta ta haura kilo 20 idan ta ƙarfe ce. Abin da ya fi ciwo shi ne kusan kowace ƙasa da irin tukunyarta da irin bakinta. Tukunyar Jamus ba a karɓarta a musaya a Faransa ko Sifen, ta Birtaniya ba a karɓarta da an tsallake ruwa. Mafita ita ce tukunyar da ake cikawa a gidan mai, irin Gaslow ko Alugas, ko tanki na dindindin a ƙarƙashin mota. Waɗannan suna da bawul da ke tsayar da ciko a kashi 80 cikin 100, domin ruwan gas yana kumbura idan ya ji ɗumi. Tukunyar musaya ba ta da wannan bawul, kuma cika ta a famfon gidan mai ganganci ne da rai. Ko da tukunyar cikawa, bakin famfo iri huɗu ne a Turai: na Jamus da Beljiyam daban, na Faransa da Italiya daban, na Birtaniya da Holan daban, na Sifen daban, sai an riƙe mahaɗan duka a aljihun mota. A Finlan kusan babu gidan mai mai sayar da shi, a Birtaniya suna ta raguwa, a Italiya wasu gidajen ba sa yarda su cika wa motar kwana. Gas ɗin gidan mai a ƙasashe da dama gauraye ne da butan. Furofen ɗin yana fara fita, butan ya kwanta a ƙasa, bayan ciko uku ko huɗu sai ka tarar da sulusin tanki da ba ya tashi a sanyi.

Idan tukunya biyu ce, a sa musu abin juyawa da kansa irin DuoControl, in ba haka ba sai ka fita cikin dusar ƙanƙara ƙarfe uku na dare kana kwance tiyo da yatsun da ba sa lanƙwasuwa. Samfurin da ke da na'urar yanke gas lokacin haɗari shi ke ba da damar barin hita a kunne ana tafiya. A Jamus kuma ana kai kayan gas na mota gwaji duk shekara biyu.

Inda gas irin na Combi ya yi wa hitar dizal mai hura iska fintinkau shi ne ruwa. Bututan iskarta an bi da su ta gefen tankin ruwa da famfo da banɗaki, sai komai ya zauna a narke, ga kuma ruwan ɗumi na wanka da alwalar asuba ba sai an ɗora buta ba. Amma tana da tarko: wani bawul mai suna FrostControl yana buɗe kansa idan wurin ya sauka kusan digiri 3, ya zubar da ruwan tukunyar ƙasa don kada ƙanƙara ta fasa ta, kuma ba ya rufuwa sai wurin ya haura kusan digiri 7. Idan gas ya ƙare kana waje kuma famfon ruwa a kunne yake, zai iya kwashe duk tankin ya zubar. Saboda haka a kashe famfo duk lokacin da za a bar mota, kuma a fara ɗumama ɗaki kafin a zuba ruwa. Mai hitar dizal zalla ya sauƙaƙa wa kansa: jarka biyu masu lita 10 a cikin ɗaki kusa da bakin iska mai ɗumi, a bar tankin ƙarƙashin mota babu komai. Tankin ruwan wanke-wanke da ke waje, ko wace hita gare ka, a bar bakinsa a buɗe da bokiti a ƙasa, bokitin da bakinsa ya fi gindinsa faɗi don dunƙulen ƙanƙarar ya zame ya fita. Akwai Combi mai aiki da dizal ga wanda yake son haɗa falalar biyu, sai dai ta fi tsada ta kuma fi cin batir.

Lantarki maganarsa gajeriya ce. Batirin litiyam mai Ah 100 yana ɗauke da kusan kilowat-awa 1.3, hita mai kilowat 1 za ta shanye shi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Sai dai a soket ɗin filin kwana. A can ma a duba fis: amp 6 wat 1,380 ne, amp 10 wat 2,300, amp 16 wat 3,680. A kan amp 6, hita da butar lantarki tare za su kashe wutar. Filaye da yawa a Ostiriya da Jamus suna sa mitar wuta lokacin sanyi, kuma kilowat-awa 36 a rana a farashinsu ya fi dizal lita 5 tsada sosai. Ƙaramar hitar lantarki mai mai a ciki, wat 500 zuwa 800, tana da amfani a matsayin mataimakiya, amma ba ta tura zafi zuwa bututan ruwa.

Akwai abin da bai shiga zaɓi ba sam: duk wata hita mai ƙona gas a cikin ɗaki ba tare da bututun hayaƙi ba, da kunna murhun girki don jin ɗumi. Haɗarin ɗaya ne da na kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, sai dai mota ta fi ɗaki ƙanƙanta. Kabon monoksaid, iskar guba da irin wannan wutar ke fitarwa, ba ya da wari, yana sa ciwon kai da barci, mutum ba ya farkawa. Ban da haka kowane kilon furofen da aka ƙone a ciki yana sakin ruwa sama da lita ɗaya da rabi a iska, wanda zai koma raɓa a bayan katako ya haifi tsatsa da fumfuna. Ko da hita mai kyau, a rataya ƙararrawar kabon monoksaid mai lambar EN 50291-2, wadda aka yi don motoci da jiragen ruwa, kusa da inda ake kwana. A bar tagar rufi a ɗan buɗe kamar faɗin yatsa ko da ana jin asarar zafi, domin numfashin mutum biyu a dare ɗaya ya isa ya jiƙa gilasai. Murfin gilashin gaba na waje ya fi na ciki, domin yana barin gilashin da ɗumi, raɓa ba ta sauka a kansa.

Batirin da zai ɗauki duk wannan ya cancanci kulawa fiye da hitar kanta. Litiyam ba ya karɓar caji ƙasa da sifili, yin haka yana lalata shi har abada, don haka wurinsa cikin ɗaki mai ɗumi ko a sayi mai ɗumama kansa. Batirin dalma na AGM rabinsa kawai ake ci, sanyi kuma yana ƙara rage shi. Farantin sola a Disamba a arewacin Turai kaɗan yake kawowa, idan dusar ƙanƙara ta rufe shi kuwa ba ya kawo komai. Abin dogaro shi ne caja mai ɗauko wuta daga injin mota, mai amp 30, wadda tuƙin awa ɗaya zai mayar da abin da dare ɗaya ya ci. Da litiyam Ah 100, hita da firij da fitilu, dare biyu a tsaye wuri ɗaya shi ne iyakar da za a yi da kwanciyar hankali.

Idan motar ƙarama ce irin Volkswagen Transporter, babu wurin tukunya mai kilo 11, dizal mai kilowat 2 ita ce amsa. Idan iyali ne da yara a motar kamfani, za su yi mako a fili ɗaya mai soket, gas ɗin da ke ciki ya wadatar, filayen hunturu da yawa ma suna sayar da tukunyar musaya. Wanda yake da Combi amma yana son doguwar tafiya zuwa Nowe ko Finlan, ya ƙara ƙaramar hitar dizal ta ɗauki nauyin ɗumama ɗaki, ya bar gas ga ruwa da girki. Haka tukunya ɗaya za ta yi makonni, kuma idan ɗaya ta ƙi tashi akwai ta biyu. Wanda hita ɗaya gare shi ya ajiye jakar barci da ke jure digiri 10 ƙasa da sifili ga kowane mutum, da fulogi da raga da fis na canji. Duk daren da dusar ƙanƙara take sauka, a fita da shebur kafin a kwanta a share bakin salansa ko mafitar hayaƙin da ke jikin bango, a kuma buɗe hanyar iska a ƙarƙashin mota, domin idan dusar ta kewaye ta, hayaƙin yana taruwa a ƙasa ya shigo ta ramukan daɓe.